Taku Ashirin Tsakanin Sarki da Allonsa

An ce wani sarki aka yi, a wani zamanin da mu ba mu kai gare shi ba tukuna, wanda Allah ya ba shi ƙasa mai yalwa, ya kuma jarrabe shi da son wasan na'ura. Wasan da ya fi so shi ne tseren kwalekwale. Da an tashi daga fadanci sai a kunna masa na'urar, kogi ya bayyana a kan wani babban allon gilashi, ya riƙe madanni yana tuƙa jirginsa tsakanin duwatsu, fadawa kuwa na ta zuba masa kirari sai ka ce gari ya ci da yaƙi.

A fadar nan akwai wata al'ada tun kaka da kakanni. An ja layi da farin dutse, taku ashirin daga karaga, ba mutum ba kaya da ke ƙetare shi, sai Waziri kaɗai. A bakin layin mai gaisuwa ke faɗuwa, a nan mai ƙara ke durƙusawa. Sarki kuwa ba ya tashi don ya duba abu, daga inda yake zaune yake dubawa. Allon wasan ma a bakin layin aka kafa shi.

Ana nan sai fatake suka zo da labarin cewa a ƙasashen gabas ana ƙera alluna masu tsananin kyan hoto. Suka bayyana wa sarki cewa kowane hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera, kuma gwargwadon yawan ɗigon da ƙanƙantarsa, gwargwadon fitar hoton. Sarki ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya aiki Waziri Haladu wurin Jatau, babban maƙerin alluna na garin, cewa yana son allon da ɗigonsa ya ninka na wanda yake da shi sau goma sha shida.

Jatau ya ji saƙo, ya ce, "Ranka ya daɗe, zan iya. Amma ka gaya wa sarki, daga taku ashirin ba idon da zai bambance shi da tsohon."

Waziri ya dafe ƙirji. "Kai, rufa mini asiri! Ni zan je in ce idon sarki bai kai ba? Yi aikinka kawai."

Haladu ba mugun mutum ba ne, amma shekara ashirin da wazirci sun koya masa haɗiye magana fiye da yadda suka koya masa faɗinta. Ya koma fada ya ce Jatau ya amsa da biyayya, bai ƙara ko harafi ba.

Shekara uku Jatau na duƙe kan aiki. Da ya gama, Waziri ya je maƙera ya duba da idonsa, ya ga ɗigon ruwa na gangarowa daga filafili, ya ga ɓawon kifi ɗaya bayan ɗaya, har ya kai hannu zai share gilashin yana zaton ya jiƙe. Aka kai allon fada, aka kafa shi gefen tsohon, aka kunna su tare. Tun ba a gama yaye mayafin da aka lulluɓe su da shi ba fadawa suka fara salati suna cewa ba a taɓa ganin irinsa ba.

Sarki ya dubi na dama, ya dubi na hagu, ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, "Waziri, wanne ne sabon?"

Nan take fadawan da suka yi salati suka ce su ma daman sun lura ba wani bambanci. Sarki ya fusata, ya ce Jatau ya ha'ince shi, ya shekara uku yana masa wasa da hankali. Ya yanke hukunci cewa bayan kwana uku sankira zai shelanta a kasuwa cewa Jatau maha'inci ne, a farfasa kayan aikinsa, a fitar da shi daga ƙasar. Jatau ya ɗago kai ya nemi Waziri da ido. Waziri ya sunkuyar da nasa.

Kunya da tsoro suka haɗu wa Haladu. A rana ta biyu ya fita ba rakiya, ƙafarsa ta kai shi rumfar Baba Cindo, wani tsohon maɗinkin hula da ke masa ɗinki tun yana saurayi. Tsohon ya dube shi ya ce, "Haladu, hularka lafiya lau take, kanka ne ba lafiya. Faɗi."

Waziri ya kwashe labari duka ya gaya masa, har da maganar da ya haɗiye.

Baba Cindo ya ce, "Daga ina sarki ya duba?"

"Daga karaga."

"Kai fa?"

"Hancina kamar ya taɓa gilashin."

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya soke allurarsa a gefen tabarma, ya ce, "Gobe ka shigar da ni. Amma ka sani, ni rabin aikin zan yi. Sauran rabin a bakinka yake."

Washegari da hantsi fada ta cika. Jatau na durƙushe a bakin layi, dogarai biyu a kansa. Waziri ya nemi izini ya shigar da tsohon. Baba Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fito da huluna biyu daga aljihu ya jera su kan farin dutsen.

Sarki ya ce, "Tsoho, me ka sani game da allo?"

Tsohon ya ce, "Ban san komai ba, ya sarki. Allura na sani. Ga huluna biyu, ɗaya kwana bakwai na yi ina ɗinkinta, ɗaya wata bakwai. Ina roƙon sarki ya nuna mini ta wata bakwai."

Sarki ya duba, ya nuna ta dama, mai manyan furanni da ke ɗaukar ido.

"Wannan ita ce ta kwana bakwai, ya sarki."

Sarki ya gyara zama ya ce, "Wato cewa kake idona ya gaza?"

Tsohon ya ce, "Cewa nake idon sarki idon ɗan Adam ne. Wanda ya hau tudu yana ganin gona gaba ɗaya, amma ba ya ganin ƙwayar gero. Wanda ya duƙa yana ganin ƙwaya, amma gonar ta ɓace masa. Allah bai haɗa wa kowa biyun a tsayuwa ɗaya ba, ko da sarki ne."

"To yaya zan san ba faɗa kawai kake ba?"

"Waziri na da izinin ƙetare layi. Ya kai maka ita."

Haladu ya ɗauki hular hagu ya kai karaga. Sarki ya karɓa ya kusanto da ita fuska, sai ga ɗinki ƙanana ƙanana a jere, kowane fure da wani furen a cikinsa. Ya daɗe yana juya ta. A nan Waziri ya ji cewa in bai yi magana yanzu ba, har ya mutu ba zai ƙara ganin kansa da daraja ba. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, laifin nawa ne. Tun ranar da na kai saƙo Jatau ya ce daga taku ashirin ba za a ga bambanci ba. Ya ce in gaya maka, na ji tsoro na ɓoye. Na ga allon nan kusa, na san ba ha'inci cikinsa, kuma aka yanke masa hukunci ina tsaye."

Sarki ya ajiye hular, ya dubi allon, sa'an nan ya yi abin da ba wanda ya taɓa ganin wani sarki ya yi a fadar: ya miƙe ya sauko. Fadawa suka rasa abin yi, wasu suka miƙe, wasu suka kwanta rub da ciki. Ya taka taku ashirin ɗin da ƙafarsa har ya tsaya gaban allon. Ya ga ɗigon ruwa, ya ga ɓawon kifi, ya ga wani masunci a bakin gaɓa da shekara da shekaru yana wuce shi a wasa bai san akwai shi ba. Ya ce a miƙo madanni. Yana fara tuƙi jirginsa ya daki dutse, ya sake, ya sake daka, domin daga nan kogin ya fi ƙarfin idonsa.

Ya juyo ga tsohon ya ce, "Daga nesa ba na ganin kyansa, daga kusa ba na iya wasan. To ina amfaninsa?"

Baba Cindo ya ce, "Ya sarki, idan kana tuƙi, ɗigon ruwa kake kallo ko dutsen da ke gabanka?"

"Dutsen."

"Me ke maka daɗi a wasan?"

Sarki ya yi tunani ya ce, "Jirgi ya juya a daidai lokacin da na juya hannu, kogi kuma ya zo mini da abin da ban zata ba."

"To a nan ya kamata maƙera su zuba ƙarfinsu nan gaba. Kyan hoto na da amfani har zuwa inda ido ya tsaya. Abin da ya wuce nan, wahalar mai yi ce kawai."

Da jin haka sarki ya waiwaya wajen mai yin. Jatau na durƙushe, bai fi kamu ɗaya daga ƙafarsa ba. Sai yanzu ya ga fuskarsa. Idanun sun yi jawur, suna zubar da ruwa ba kuka ba, yana ta ƙifta su don hasken zauren ya dame shi.

"Me ya sami idanunka?"

Jatau ya ce, "Aikin ne, ya sarki. Ɗigon ƙanana ne ƙwarai. Yanzu abin da ya wuce tsawon hannuna, inuwa nake gani. Ba na neman komai, sai dai kada a ce a kasuwa ni maha'inci ne. Ina da 'ya'ya a garin nan."

Tausayi da kunya suka kama sarki har muryarsa ta sauya. Ya tambayi Waziri, "Mutum nawa na yanke wa hukunci suna durƙushe a nan?"

"Dukkansu, ya sarki."

Sarki ya sunkuya ya kama hannun Jatau ya tashe shi, ya ce, "Na zalunce ka, ka yafe mini." Ya umarci sankira ya je kasuwa ya shelanta cewa Jatau mai gaskiya ne, sarki ne ya yi kuskure, ya kuma sa a nemo masa masu maganin ido duk inda suke. Ga Waziri kuwa ya ce, "Da ka ci gaba da shiru, da yau na rasa mutum biyu. Kada ka ƙara tausaya wa kunnena." Allon kuwa, sarki ya ce a bar shi inda yake, amma duk wanda za a yi wa shari'a daga ranar, a kawo shi har gindin karaga.

Idanun Jatau ba su koma yadda suke ba, kuma sarki bai daina jin nauyin haka ba har ƙarshen mulkinsa. An ce duk alƙalin da zai naɗa sai ya gaya masa magana ɗaya: wasa ana iya yinsa daga nesa, amma shari'a sai an matso an ga fuskar mutum.