Abin da Dogo Mai Figar Kaji Ya Kai Gida

Akwai wani mai yanka da figar kaji a kasuwa, ana ce masa Dogo. Mutum ne mai barkwanci, amma in aka yi maganar wanke hannu sai ya kece da dariya.

"Ni da na tashi cikin kashin kaji? Ƙwayar cuta in ta hango ni canza hanya take yi."

Rumfarsa tana ƙarshen layi, bakin kwata. Da ruwan da yake tsoma kaji yake ɗauraye hannu, ya goge a riga, ya ci abinci a kan teburin yanka.

Wata rana aka sauke masa kaji sun yi laƙwas, suna ta zawo. Maƙwabcinsa na rumfa ya ce, "Dogo, waɗannan ba su da lafiya, ware su."

"Gajiyar mota ce kawai," in ji shi.

Da yamma autarsa, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta tarye shi a ƙofa. Matarsa ta ce, "Baban Auta, ga ruwa da sabulu tukuna." Bai saurara ba. Ya ɗauki yarinyar, ya gutsuro ayaba ya sa mata a baki.

Ba a daɗe ba cikinsa ya fara murɗawa, ga zazzaɓi. Ya ɓoye, ya ci gaba da fita. Sai ya ji masu aiki a layinsu suna ta kwanciya. Duk da haka bai faɗa wa kowa nasa ciwon ba.

Sai Auta ta kama gudawa da amai. Idanunta suka faɗa, tana kuka ba hawaye.

A asibiti aka yi ta neman jijiya a ɗan hannunta don ƙarin ruwa. Dogo ya kasa kallo. Bayan gwaji likita ta tambaya, "Wa yake aikin kaji a gidanku?"



"Ni ne," in ji Dogo. "Likita, za ta tashi?"

"Muna iya ƙoƙarinmu. Kai ma zo a duba ka."

Ya zauna a benci, duk wanda ya fito daga ɗakin sai ya miƙe zumbur. Sai washegari Auta ta buɗe ido ta nemi ruwa. Matarsa ta fashe da kuka.

Da ya ji sauƙi ya koma kasuwa, ya tsaya tsakiyar layi ya ce, "Jama'a, na kusa binne 'yata saboda cutar da na kwaso daga kaji na kai gida. Duk mai ciwon ciki ya tafi asibiti yau, kafin ya taɓa yaransa."

Babu wanda ya yi dariya. Wani dattijo ya ajiye wuƙarsa ya ce, "Jikana ma tun jiya yake amai. Raka ni mu kai shi asibiti."

Darasi: Taurin kanka ba kai kaɗai yake cutarwa ba, har waɗanda suke jiranka a gida. Ka ware kaza marar lafiya, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka taɓa iyalinka. Tura wa duk mai aikin kaji da ka sani.