Kundin Gidan Sarkin Rafi

A can zamanin da, tun takarda tana tsada kamar alharini, an yi wani sarki ana ce masa Jatau. Ƙasarsa ba yaƙi ba yunwa, sai ciwon kai guda ɗaya: kowa a fadarsa jikan waɗanda suka sari garin ne. Mutum ya zo bara waccan da jaki da buhun kanwa, bana ka ji maroƙa suna cewa kakansa ne ya gina ƙofar gabas. Da za a gaskata kowa, to, waɗanda suka kafa garin sun fi mazaunansa yawa.

Rannan Sarki ya koka wa Wazirinsa, Mijinyawa. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai abin ba wuya. Kowane gidan sarauta yana da kundi. A sa kowa ya kawo nasa, malamai su bi shi uba da uba. Wanda aka ga sunansa a shafin mahaifinsa, mahaifinsa kuma a shafin kakansa, har a kai tushe, ya riƙe rawaninsa. Wanda igiyarsa ta tsinke, a warware."

Sarki ya ce madalla, aka yi shela.

Al'adar kundin nan kuwa ita ce, duk wanda ya gaji gida sai ya buɗe sabon shafi, ya sa sunansa a sama, ya jera 'ya'yansa maza a ƙasa da hannunsa. Shi Waziri ba son asali ne ya dame shi ba. Akwai wata fadama a bakin kogi, mai rake da albasa, tana ƙarƙashin sarautar Sarkin Rafi Tunau, kuma Waziri ya daɗe yana bi ta wajen a hankali, yana haɗiyar yawu.

Aka fara da kundin Waziri. Malamai suka buɗe, suka ga abu tsaf: wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, kowa babban ɗan ubansa, kowa sunansa a layin farko, har zuwa wani balarabe da aka ce ya zo a kan farin raƙumi. Babban malami ya ce bai taɓa ganin kundi mai tsabta irin wannan ba. Ragon da aka kai masa jiya da yamma, wannan tsakaninsa da Allah.

Sai aka kira Tunau, dattijo mai kaurin wuya, ya ajiye nasa a cikin gafaka da ɓera ya ɗanɗana. Shafin farko na Bawa ne, wanda ya fara sassabe fadamar, ya jera 'ya'ya. Shafi na biyu na Gajere ne, amma babu Gajere a cikin 'ya'yan Bawa. Na uku na Ɗanjuma, babu shi a cikin 'ya'yan Gajere. Haka har zuwa Tunau, shi ma babu shi a shafin mahaifinsa.

Waziri ya tafa hannu. "Allah ya ba ka nasara, ka ga ikon Allah! Baƙi ne suke ta sace gidan nan, ɗaya bayan ɗaya. Kuma kowane ɓarawo sai ya zauna ya rubuta sunansa."

Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a gidanmu babban ɗa ke gado. Wane uba ne kuwa yake ambaton sunan ɗan farinsa? Bakinsa ba ya faɗa, don kunya. Hannunsa kuma bai fi bakinsa ƙarfin hali ba."

Waziri ya ce, "Mu rubutu aka ce mu bi, ba kunya ba. Ko Sarki zai janye maganarsa ne saboda mai albasa?"

Sarki ba ya son a ce ya janye magana. Ya ce a warware rawanin, fadama ta koma hannun Waziri kafin a sami mai ita.

Tunau bai yi gardama ba. Ya ce, "Na bi umarni. Roƙona ɗaya, Zaki. Kowane hukunci ana buɗe shi da nasabar Sarki. To, tunda yau ranar kundi ce, kada a ɗauko ta daga bakin maroƙa. A karanta ta daga kundin gidan Sarki, ko na tafi da albarkarta a kunnena."

Sarki ya ji daɗin roƙon. Bai taɓa duba shafin mahaifinsa ba, don mutum ba ya neman shaidar cewa shi ne shi. Aka kawo kundi a naɗe cikin alkyabba. Babban malami ya gyara murya, ya karanta sunan marigayi Sarki, sannan 'ya'yansa: Barau, Shekarau, Nomau, ya yi ta gangarawa har ya kai ƙarshe. Ya koma sama. Ya juya takardar ya leƙa bayanta. Babu Jatau.

Barau, ƙanen Sarki, wanda sunansa ya zo farko, ya ɗan gyara zama, ya shafa rawaninsa.

Sarki ya miƙe, ya ɗauki kundin ya shiga wajen Mai Babban Ɗaki, mahaifiyarsa. Ya durƙusa ya ce, "Inna, so nake ki faɗa gaban shaidu wane ne babban ɗan marigayi, ki kira sunansa."

Tsohuwa ta ja mayafi ta kau da kai, ta ce wa jakadiyarta, "Gaya wa yaron nan, furfura ta fito mini ban yi wannan rashin ta-ido ba, ba zan fara yau ba."

"Inna, gadon sarauta ne zai tafi."

"Ya tafi. Ce masa in idonsa na gani, ya duba ƙarƙashin sunan marigayi. Ina zaune ya tsallake layi guda ya bar shi fari, yana ta gumi kamar mai faskare. Wa yake tsammani aka bar wa wurin, aljani?"

Sarki ya duba, ga fili nan, faɗin yatsa. Ya dawo fada ya sa aka buɗe kundin Tunau. Ƙarƙashin Bawa fili, ƙarƙashin Gajere fili, ƙarƙashin Ɗanjuma fili. Har shafin Tunau kansa akwai fili, ga kuma mai filin, wani ƙaton saurayi, a bakin zaure yana sunkuyar da kai.

Sarki ya ce a sake kawo na Waziri. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago ya ce, "Waziri, babban ɗanka, yaya ma sunansa?"

Waziri ya yi tari. "Allah ya ba ka nasara, ai ka san shi. Wannan dai, mai dogon wuyan."

"Sunansa na tambaya."

"Zaki, a gafarce ni. A gaban jama'a?"

Sarki ya ce, "Kai bakinka ya kasa. Amma kakanninka kaf, har da na kan raƙumi, kowa ya dangwala sunan ɗan farinsa a layin farko, ba wanda hannunsa ya yi rawa. Kuma duk hannunsu iri ɗaya, tawadarsu ba ta gama bushewa ba. Ko dai ba su da kunya, ko ba su taɓa rayuwa ba. Zaɓi ɗaya."

Waziri ya auna, ya ga kowanne ya zaɓa ba riba. Aka warware rawaninsa. Da aka bincika, ashe mahaifinsa ma mai jakin kanwa ne, mutumin kirki wanda bai taɓa yin ƙarya ba, sai dai an yi masa bayan ransa.

Aka mayar wa Tunau rawaninsa da fadamarsa. Barau ya koma zamansa na da. Sarki kuma ya kafa doka: daga ranar, kowane uba ya ci gaba da barin filinsa, amma ranar suna baffan yaro ya zo da alƙalami ya cike.

Da aka zo cike na Sarki, baffanninsa duk sun rasu, sai Barau aka miƙa wa alƙalami. Waɗanda suka halarta sun ce ya rubuta, amma ba a taɓa ganin alƙalami mai nauyi irin wannan ba. Nan hikayar ta tsaya, wanda yake shakka ya je ya tambayi mahaifinsa sunan babban wansa.