Hannun Jatau Bai Yi Fari Ba

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da jaki ne motar kowa, wani bawan Allah ana ce masa Jatau. Ɗan dako ne. Ba gona, ba karatu, sai wuya da ƙafafu. Ƙafafun ma ɗaya ta gaji, don gwiwarsa ta hagu ta taɓa gocewa a ƙarƙashin buhun gishiri, tun daga nan yake ɗingishi.

To, ku saurara. Wata shekara ƙasa ta girgiza a wani gari can ƙetaren kogi. Katangu suka kwanta, rumbuna suka tsage, rijiyoyi suka rufta. Waɗanda suka tsira suna kwana a fili da 'ya'yansu, ga damina ta kawo kai.

Garin su Jatau akwai wani dogon dutse mai santsi, kuma can kan ƙololuwarsa akwai farar ƙasa wadda babu irinta a gindinsa. Sai dattawa suka yanke shawara: masu ƙarfi su hau, masu hali su yi alkawari. Wanda ya kai ƙarshe ya shafa tafinsa a farar ƙasar, ya sauko ya nuna, sai wanda ya tsaya masa ya fitar da abin da ya alkawarta a kai wa mutanen can. Alhaji Barau mai hatsi ya tsaya wa majiya ƙarfin garin, ya ce kowane farin hannu buhun gero ne.

Jatau kuwa babu wanda ya tsaya masa. Sai ya je wurin wata tsohuwa mai ƙosai, Iya Lantana.

Ta dube shi ta ce, "Kai Jatau, da wace ƙafar?"

Ya ce, "Da mai lafiyar, Iya. Ɗayar rakiya za ta yi."

Ta yi dariya ta ce, "Akuyata guda ce, ka san ta. Kawo farin hannu, ta bi ayari."

Ranar hawa, samari suka wuce shi kamar iska. Shi yana ja, yana hutawa, yana ja. Rana ta take, gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Ya zauna a wani matsattsen wuri, ga ƙololuwa yana hange, ƙafa ta ce ba ta zuwa.

Yana nan sai ga abokinsa Mato mahauci yana saukowa, ya ciko hularsa da farar ƙasa, yana ɗiba yana shafa wa duk wanda ya gaza a hanya.

Ya ce, "Miƙo hannu, gurgu."

Jatau ya ce, "Ban kai ba, Mato."

"Wa ya tambaye ka? Cikinka za ka sa akuyar? Yara ne ke kwana a fili. Miƙo, ka ji."

Jama'a, kada wani ya ce Jatau bai so ba. Ya so. Ya tuna akuyar, ya tuna nononta a bakin wani jariri da aka zaro daga ƙarƙashin katanga. Hannunsa har ya ɗago. Sai ya mai da shi kan gwiwa ya ce, "Iya ba ƙasa ta yi wa alkawari ba, hawa ta yi wa. Ni kuwa ban hau ba."

Mato ya ce, "Kanka ya fi dutsen nan tauri." Ya wuce.

A gindin dutse Alhaji Barau yana duba hannuwa. Fari, fari, fari. Sai ga wani ƙaton mai tumbi, wanda ko dakalin ƙofar gidansa sai ya yi haki yake hawa, hannunsa fari fat, rigarsa ko gumi babu. Barau ya gane an yi ha'inci. Ya ce, "Ni za a mayar sakarai? Ku ɗaure bakin buhuna, ku mayar rumbu!" Waɗanda suka hau da gaske suka yi ta rantsuwa. Ya ce, "Duk rantsuwarku iri ɗaya ce. Ta ina zan raba?"

Ana cikin haka, da la'asar, sai ga Jatau yana saukowa da jan gindi. Aka ce ya nuna hannu. Ya buɗe. Ƙura ce da ƙujewa, babu ɗigon fari.

Ya ce, "Ban kai ba."

Wasu suka kwashe da dariya. Barau bai yi ba. Ya ce, "An miƙa maka ƙasar?"

"An miƙa."

"Wa?"

"Wannan tsakanina da shi ne, Alhaji."

"To su wa suka kai?"

Jatau ya ce, "Inda na zauna hanya ɗaya ce. Wanda ya wuce ni ya yi sama, na gan shi." Ya shiga kiran sunaye, har da na Mato, don Mato ya kai. Da ya gama ya ce, "Sauran ban ga wucewarsu ba. Iyakar sanina ke nan."

Barau ya ce, "A kwance buhuna. A fitar da gero a kan maganar Jatau."

Jatau ya ja jiki wurin tsohuwa ya ce, "Ki yafe ni, Iya. Akuyarki ta tsira."

Ta ce, "Ja can." Ta kwance igiya ta miƙa wa masu jakai, ta ce, "Ba ta alkawari ba ce, ta sadaka ce."

To, kun ji. Hannun da ya sauko babu komai, shi ya buɗe rumbu, fararen hannuwa kuwa saura kaɗan su bar yara da yunwa. Ƙarya ƙarya ce, ko da sunan taimako aka yi ta, kuma ranar da aka kama ta, ba maƙaryacin kaɗai take ci ba, har da mai gaskiya, har da wanda ake nema wa.

Ku da kuke yawo kuna tara taimakon masallaci, na marayu, na waɗanda gidajensu suka rushe, kada ku ƙara gishiri don mutane su buɗe aljihu. Abin da ka yi, ka ce ka yi. Inda ka gaza, buɗe hannunka ka ce, "Ban kai ba." Allah ba ya buƙatar ƙaryarka kafin Ya ciyar da bayinSa. Allah Ya sa in an duba tafinmu ranar gobe, kada a ga ƙasar da wani ya shafa mana.