Randar Tabawa da Rijiyar Hakimi

A zamanin da duba-gari ke leƙa randunan mutane, Hakimi ya kafa doka: duk mazubin ruwan da aka ga tsutsa a ciki, a fasa shi, mai shi kuma ya share kasuwa kwana bakwai.

Aka gurfanar da Tabawa mai koko.

Hakimi ya ce, "An ga tsutsa a randarki. Ki nuna mana wanda ya zuba ta, ko a fasa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, dokar ta ƙaramin mazubi ce, ko har da babba?"

"Babba ma ya fi laifi!"

"Ko na wane ne?"

"Ko na wane ne."

"Madalla. Yau na wanke randata, na cika ta daga rijiyarka ta ƙofar fada. A jefa guga mu gani."

Duba-gari ya jefa. Guga ya fito, tsutsa na ta wutsil-wutsil.

Tabawa ta dubi Hakimi ta ce, "In ara maka tsintsiyata, ko akwai a gida?"

Hakimi ya yi gyaran murya. "Daga yau babu fasawa. A wanke, a rufe."

"Allah ya ja zamaninka. Ashe dokar ma tana son wanki."