Shagon Tsakiya

Akwai wata mai ɗinki da kowa a layinsu yake kira Gwaggo. Shagonta ne na tsakiya a cikin shaguna uku masu rufi ɗaya. A damanta mai walda, a hagunta mai sayar da fetur a jarka.

Rigimar ta fara ne wata Talata, ƙarfe goma da kwata na safe. Tartsatsin walda ya faɗa kusa da teburin mai fetur, shi kuwa ya zage mai walda tas a gaban jama'a.

Kafin rana ta yi tsaka, mai walda ya mirgino tukwanen gas ya jingina su da bangon Gwaggo. Ya ce duk ranar da aka sake zaginsa zai buɗe su ya kyasta ashana, kowa ya rasa. Mai fetur ma ya tashi. Ya kwaso jarkokinsa ya jera su a ɗaya bangon nata.

Daga ranar zagi ya ƙare. Har gaisawa suke yi, haƙora a cije. Gwaggo kuwa ta daina hura dutsen gugarta na gawayi. Sai ta ɗauki kayan mutane a ka ta kai gida ta goge, ta dawo da su, ga ciwon gwiwa.

Ta je roƙon mai walda, ta tarar yana sauraron muhawara a rediyo kan makaman nukiliya.

"Kin ji, Gwaggo? Manyan ƙasashe ma haka suke yi," in ji shi. "Kowa ya tanadi abin hallaka ɗan'uwansa, shi ya sa ba a yaƙi. Tun da na kawo tukwanen nan, kin ƙara jin ya buɗe mini baki?"

"To ni wace ƙasa ce a cikinsu, ɗan nan?"

Ya yi dariya, ya ce ta kwantar da hankalinta, shi ba mahaukaci ba ne. Mai fetur ma ya ce shi ba mahaukaci ba ne, amma wancan ya fara janye nasa tukuna.

Gwaggo ba ta gaji ba. Ta yi ta sintiri wajen dattawan layin har suka zaunar da su biyun. Aka amince kowa ya kwashe kayansa a lokaci guda, a gaban shaidu. Aka kwashe, aka yi musafaha, aka tafa musu.

Amma ba wanda ya yarda da wani. Mai walda ya binne tukunya ɗaya a ƙarƙashin tarkacen ƙarafa. Mai fetur ya hau da wasu jarkoki cikin silin, ya tura su can saman shagon Gwaggo, don kada masu dubawa su gani a nasa.

Ita kaɗai ce ta gaskata. Ta sayi gawayi, ta kakkaɓe dutsen gugarta, ta ce wa 'yarta yau kam gwiwa za ta huta. Zafin kwanon rufi ya riga ya kumbura jarka ɗaya, tana ɗiga ta wata kafar silin, daidai kan teburin guga.

Ba wanda ya yi fushi a ranar, ba wanda ya kyasta ashana. Fetur ne kawai ya ɗiga a kan garwashin da ta hura. Wutar ta cinye shagon Gwaggo, ta kai ga tukunyar da aka binne, rufin duka ya tashi.

Waɗanda suka rage: mai walda, wanda ya kurmance, yana faci a inuwar wani. Mai fetur, a gidan yari, yana rantsuwa wancan ne ya fara. 'Yar Gwaggo, wadda aka aika sayen zare. Sai kan keken ɗinki da aka tono daga toka.

Darasi: Zaman lafiyar da aka jingina da tukunyar gas ba zaman lafiya ba ne, jiran ranar kuskure ne. Na tsufa ina jin masu makaman nukiliya suna cewa su ba mahaukata ba ne, kuma wancan ya fara ajiyewa. Mu ne shagon tsakiya, ba wanda ya nemi shawararmu. Ku tura wa wasu, kada mu gaji da cewa a kwashe duka, har da na cikin silin.