Fankar da Auta Ya Rufe wa Baki

Akwai wani matashi da kowa a gidansu ke kira Auta, har ya yi gemu sunan bai sake shi ba. Ya gama karatu yana jiran aiki, yana zaune a gidan yayarsa mai zanen gine-gine. Ita ta ɗauki nauyinsa tun bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa yake jin nauyinta fiye da kowa.

Yaya tana da laftof mai ƙarfi, irin wadda ake ƙerawa don 'yan gem, wato masu wasan kwamfuta. Ita dai ba wasa ya dame ta ba. A cikinta take zana gida, ta nuna wa mai shi kamar yana tafiya ɗaki-ɗaki tun ba a aza bulo ɗaya ba. Ranakun hutu takan ara wa Auta ya buga gem ɗinsa, da sharaɗi ɗaya.

"Ka yi wasanka, amma kar ka taɓa min saiti ko ɗaya," in ji ta. "Abincina ne a ciki."

"Haba Yaya, sai ka ce yaro," in ji Auta.

To, kun san halin abokai. A zauren hirarsu na waya kullum tsiya suke masa, wai motarsa a gem tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Wani a cikinsu ya turo masa bidiyo a kan yadda ake ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma duk gudun da aka ƙara mata, zafi take ƙarawa.

Mai bidiyon ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce a ƙara kaɗan, a gwada na rabin awa ana kallon ma'aunin zafi, in lafiya sannan a sake ƙara kaɗan. Ya ce a bar fanka ta yi aiki da ƙarfinta, kuma a ɗora laftof a kan tebur inda iska za ta shiga ta ƙasa. Auta ya ga surutun ya yi yawa, ya ja bidiyon zuwa ƙarshe, inda ake nuna lambobi mafi girma. Su ya kwafa gaba ɗaya, har da ƙarin wuta.

Da manhajar ta nemi ya ba sabon saitin suna, ya yi murmushi ya rubuta: Auta Sarkin Gudu. Akwai wani ɗan akwati a ƙasa, ya danna shi bai karanta ba.

Gem ya tashi kamar an yi masa allura. Amma ba a yi minti biyar ba fankar cikin laftof ta fara gurnani kamar injin niƙa. Yaya tana falo tana duba takardu, ta ɗaga murya.

"Auta, ƙarar me nake ji haka?"

"Janareton maƙwabta ne, Yaya."

Nan ne ya yi abin da har yau in ya tuna sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Maimakon ya rage gudun, sai ya shiga saitin fanka ya mayar da ita kan shiru. Ya tura ƙofa, ya ɗora laftof a kan katifa ya ci gaba. Ma'aunin zafi ya koma ja, ya nuna digiri casa'in da bakwai. Auta ya ga jan yana ɗauke masa hankali, ya rufe shi. Da ya gama wasa ya kashe manhajar, a zatonsa komai ya koma yadda yake. Bai san ɗan akwatin nan da ya danna yana nufin saitinsa zai riƙa hawa da kansa duk lokacin da aka kunna kwamfutar ba.

Ranar Litinin Yaya ta tafi nuna zanen wata makaranta da ta yi wata uku tana aiki a kai. Tana tsakiyar zagayawa da masu aikin cikin azuzuwan zanen, laftof ta ɗauke ɗif. Ta kunna, ta ba da haƙuri, laftof ta sake ɗaukewa. Sau uku ana haka, har shugabanta ya ce a ɗage zaman.

Ta dawo gida da azahar idonta jawur. Ta miƙa wa Auta jakar.

"Riƙe min, ka raka ni wajen mai gyara. Satin da ya wuce ya buɗe ta ya share ƙura, ya canza man sanyaya furosesa. Shekara biyu ba ta taɓa yi min haka ba sai da ya sa mata hannu."

Auta ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "To, Yaya."

Mai gyaran dattijo ne, sa'an mahaifinsu, kowa Baba yake ce masa. Shagonsa ƙarami ne a jerin shaguna, tsakanin tela da mai sayar da caja. Kanta ɗaya, fitila mai lanƙwasa wuya, da kwalayen ƙananan noti da ya jera ya rubuta wa kowanne lamba. Shekara tara shi ke gyara duk kwamfutocin ofishin su Yaya, kuma rabin aikinsa daga can yake zuwa.

Yaya ba ta ko amsa gaisuwarsa ba. Ta dire laftof a kan kanta ta fara. Ta ce ya kunyata ta a gaban manyan mutane. Ta ce in idonsa ya daina gani ya faɗa, a nemi wani. Har ta tambaye shi ko man da ya sa mata na jabu ne. Tela ya tsayar da kekensa, mai caja ya leƙo. Wata mata da ta kawo tata laftof, an riga an ɗora a kan katakon ajiye kaya, ta tsaya tana saurare.

Baba ya gyara tabarau, ya kunna laftof, ya ɗora tafin hannunsa a gefen da iska ke fita. Ya kara kunnensa. Sannan ya shiga saiti ya yi 'yan danne-danne.

Auta yana tsaye daga gefen kanta, inda yake iya hango fuskar kwamfutar. Ya ga manhajar ta buɗe. Ya ga sunan nan ɓaro-ɓaro a sama: Auta Sarkin Gudu.

Baba ya karanta. Ya ɗago ya dubi Auta ta saman tabarau, kallo ɗaya, ba harara ba. Sai ya sa yatsa biyu ya juya laftof ɗin a hankali ta fuskanci bango.

"Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri," in ji shi. "Ki bar min ita zuwa gobe. Ba ta ƙone ba, kashe kanta take yi don ta tsira daga zafi. Aikinki yana nan lafiya."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Shi ke nan, 'yata."

Matar nan ta matso ta ce a miƙo mata laftof ɗinta, wai ta tuna tana da wani uzuri. Baba ya sauko da ita, ya goge murfin da gefen rigarsa, ya miƙa mata da hannu biyu. Auta ya bi ta da kallo har ta fita.

Yaya ta juya ta nufi mota. Sai da suka isa ta tuna cajar tana cikin jaka, ta ce ya koma ya kai. Ya koma yana jan ƙafa. Ya ajiye caja, ya duba ƙofa, ya rage murya.

"Baba, don Allah... ko za a iya goge sunan nan?"

Jama'a, ku ji fa. An ci mutuncin dattijo saboda shi, abin da ya fara fitowa daga bakinsa ke nan. Shi kansa da ya ji maganar a kunnensa sai da ya sunkuyar da kai.

"Gogewa ba ta kai minti ɗaya ba, ɗana," in ji Baba. "Ƙara gudu ba laifi ba ne, ni ma ina yi wa masu so. Sai dai wannan da ka zuba mata, ko babbar kwamfutar tebur sai ta yi nishi. Amma duk ba shi ya ba ni mamaki ba. Me ya sa ka kashe mata fanka?"

"Don kar Yaya ta ji."

Baba ya gyaɗa kai. "Na yi zaton haka. Fankar nan ita kaɗai ce ke faɗa maka ana wahala a ciki."

"Me ya sa ba ka nuna mata ba, Baba?"

"A gaban tela da mai caja? Da kai za ta yi wa abin da ta yi min, kuma ku gida ɗaya za ku koma. Ni tsoho ne, na sha jin magana. Ba zan kai ƙararka ba. Amma in ta tambaye ni kai tsaye, ba zan yi mata ƙarya ba. Je ka, tana jiranka."

Da Baba ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya fito yana jin kansa ƙarami ƙwarai.

A mota ya tarar Yaya ba ta tayar da inji ba. Waya ce a bakinta, tana ɗaukar saƙon murya zuwa ga manajan ofishinsu.

"...don haka shawarata, daga yau a daina kai wa dattijon nan kayanmu. A sanar da sauran ma'aikata, kuma..."

Yatsanta yana kan madannin. Tana ɗagawa saƙon zai tafi, shekarun Baba tara su tafi da shi. Auta ya ga hannunsa ya kai kan wayar kafin ya gama shawara.

"Yaya, kar ki tura. Ni ne."

Ta ja yatsanta gefe, saƙon ya goge. Ta juyo ta dube shi. Ya faɗa mata komai, tun daga bidiyon har janareton maƙwabta, har sunan da ya rubuta, har roƙon da ya yi yanzu a shago. Idonsa a kan takalminsa.

Ya jira faɗa, faɗa bai zo ba. Sai tambaya ta yi masa.

"Ya ga sunanka?"

"Ya gani."

"Lokacin da nake ce masa idonsa ya mutu?"

"Eh, Yaya."

Ta rufe fuskarta da hannu biyu. Da ta buɗe, hawaye ne a idonta.

"Zaman da aka ɗage za a sake shi, Auta. Laftof ko ta ƙone ana sayen wata. Amma ka tsaya a gefena, kana riƙe da jakata, ka bar ni na zagi sa'an babanmu. Ni ma da laifina, ban tambaya ba na yanke hukunci. Sauko."

Ba ta shiga cikin shagon ba. A bakin ƙofa ta tsaya, inda ta san tela da mai caja za su ji, ta yi magana da ƙarfin da ta yi faɗa ɗazu.

"Baba, na zalunce ka. Aikinka lafiya yake, ƙanena ne ya lalata saitin, kai kuma ka rufa masa asiri. Don girman Allah ka yafe min."

"Ya wuce, 'yata, Allah ya yafe mana baki ɗaya," in ji Baba. Sai ya dubi Auta. "Sarkin Gudu, zagayo nan. Wanda ya ɗaura shi zai kwance."

Tela ya ƙyalƙyale da dariya. Auta ya zagaya bayan kanta. Baba ya sa shi ya mayar da kowace lamba inda kamfani ya ajiye ta, ya cire alamar ɗan akwatin nan, ya sakar wa fanka baki. Suka buɗe zanen makarantar suka bar shi yana aiki rabin awa. Fanka ta yi ta gurnaninta, zafi ya tsaya a saba'in da 'yan kai, laftof ba ta ɗauke ba.

Duk tsawon rabin awar nan, idon Auta yana komawa kan katakon ajiye kaya, wurin da laftof ɗin matar nan take ɗazu. Ya tambayi Baba ko yana da lambarta, don ya kira ta ya yi mata bayani. Baba ya ce yau ne zuwanta na farko, bai kai ga rubuta komai ba.

Sati biyu Auta yana biyawa ta shagon yana tambaya. Ba ta dawo ba. Tana can wani wuri, kuma duk wanda ya tambaye ta labarin shagon Baba, abin da ta ji da kunnenta za ta faɗa masa.

Darasi: Idan ka yi kuskure, faɗe shi tun yana hannunka, domin shirun da ka yi don ka tsira, wani marar laifi ne zai biya shi da mutuncinsa, kuma ba duk abin da ya zube ake iya kwashewa ba. Kar ka taɓa saitin kayan da aka ba ka amana, in naka ne kuma ka bi a hankali, kar ka kashe abin da ke yi maka gargaɗi. Kai kuma mai fushi, tambaya kafin ka yanke hukunci. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke riƙe da wata gaskiya a bakinsa yau, ana zagin wani a kanta.