Ladingo da Itatuwa Masu Tabo

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta, Umma.

Ke Hajo, janye ƙafarki daga bakin murhun nan tukuna, gabana faɗuwa yake. Yawwa.

Wata mata ce wai ita Tabawa, mai dafa sabulun salo, da 'yarta ɗaya tilo, Ladingo. Tabawa tana da wata ɗabi'a. In ta sassaƙi ɓawon itace a daji, ba ta tafiya sai ta kwaɓa laka ta shafe wurin. Mata su yi ta dariya. "Tabawa, yau ma itace kike wa jinya?" Ita dai sai murmushi.

Ran nan tukunyar sabulu ta kife mata a hannu. Fata ta saɓule har yatsu. Wannan ta ce a barbaɗa toka, aka barbaɗa. Waccan ta ce a naɗe da tsumma, aka naɗe. In an zo kwancewa, tsumma ya manne, ya taho da sabuwar fata. A naɗe, a kwance, a naɗe, a kwance, har ciwo ya soma wari.

Wanzami ya duba, ya girgiza kai. "In kasuwa ta zagayo bai kame ba, hannun nan sai yankewa."

Ladingo ta ɗauki ƙwarya da gorar ruwa, ta nufi daji neman magani tana waƙa:

"Itace, itace, ga gaisuwa,
Hannun Inna ya ƙi kamewa,
Wanzami yana wasa aska."

Ta tarar da Bagaruwa. Bagaruwa ta ce, "Wuce. Ku mutane ku sassaƙe mu, ku bar mu a buɗe gara ta ci. 'Yar wace ce ke?"

"'Yar Tabawa ce, Iya."

"Tabawa mai laka?" Sai ta juyo da gefenta, ga tabo ya haɗe sumul. Ta karkaɗo 'ya'yanta. "Ki dafa, ki tace, ya huce, ki wanke ciwon."

Ta tafi, ta tafi, tana waƙarta, ta tarar da Kaɗanya. Kaɗanya ta ce, "'Yar wace ce ke?"

"'Yar Tabawa ce, Iya."

"Allah sarki. Ba don uwarki ba da tuni na zama itacen wuta." Ta cika mata ƙwarya da man kaɗe, fari tas.

Ta tafi, ta tafi, ta tarar da Kalgo. Kalgo ya ce, "'Yar wace ce ke?"

"'Yar Tabawa ce, Baba."

"Ban san ta ba. Ɗebi abin da za ki ɗiba ki ba ni wuri."

Ladingo ta tsinki ganye, ta ɓare zaren ɓawo na ɗauri. Rana ta karkata, ƙishi ya dame ta, ruwan gora saura maƙurwa ɗaya. Ta ɗaga za ta sha, sai ta ga inda ta ɓare yana tsatstsafo da ruwa kamar hannun Innarta. Ta tsiyaye ruwan a ƙasa, ta kwaɓa laka, ta shafe wurin.

Kalgo ya yi ajiyar zuciya. "Yanzu na san uwarki. Zubar da tsohon ganyen nan, zai kankare mata fata. Ɗebi sabon toho mai laushi, ki tsoma a tafasasshen ruwa, ya huce, ki shafe shi da mai, sannan ki rufe ciwon. Ki ɗaure sakwa-sakwa. Ba zai manne ba."

Ladingo ta koma ta yi yadda aka ce. Ta wanke, ta shafa, ta rufe. Da aka zo kwancewa Tabawa ta runtse ido tana jiran azaba. Ganye ya zame salin-alin, sabuwar fata tana nan a wurinta.

Kasuwa ta zagayo. Wanzami ya zo da askarsa, ya duba, ya sake dubawa, ya mayar da ita zabira. "To, ko za a yi wa wani aski, kada in koma haka nan?"

Tabawa ta yi dariya har da hawaye. Da ta warke, da wannan hannun ta kai wa itatuwan nan ruwa, tana godiya.

To 'ya'yana, duk wanda kuka amfana da shi, kada ku tafi ku bar shi da ciwo a buɗe. Kuma in ɗayanku ya ƙone, don Allah ban da toka, ban da tsumma, ku rugo ku gaya mini mu je a duba.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera. Hajo, ƙafar nan taki ta sake komawa bakin wuta.